Baƙin Gonar Ɗantsoho

Su shida aka sauke daga tirela,
ana yayyafi, kasuwar Magani ta tashi.
Wuyan raƙumi, gashin tunkiya, babu tozo,
kunnuwa a lanƙwashe kamar ayaba.
Alhaji Ɗantsoho ya ce sunansu lama,
daga ƙasar da duwatsu ke kwana da ƙanƙara.
Muka ce Allah ya amfana.
Ɗaya ta dube shi sama da ƙasa,
ta tofa masa yawu a aljihun babbar riga.

Shekara uku ana musu hidima:
dusa, harawa, aski duk bazara,
har da fanka a rumfa,
ni mai gadi ina fifita da kwali.
Sai ya rasu.
Magada suka kwashi takardu zuwa kotu a Kaduna,
gara kuwa ba ta jira alƙali ba,
ta cinye turakun shinge ɗaya bayan ɗaya.
Waya ta kwanta. Suka taka ta suka wuce.

Yanzu sun kai sha tara, in idona bai yi ƙarya ba.
Gashi ya cukurkuɗe da ƙarangiya,
'ya'yan ba su taɓa jin hannun mutum ba.
Suna kwana a gindin dutse ta wajen Kajuru,
da asuba su gangaro masarar Dogara.
Dogara ya zo min da kara guda a hannu, an gwaigwaye kansa:
"Tanimu, wa zan kai ƙara?
Mai su yana kabari."

Injiniya Hashimu ya sayi gonar, zai zuba shanun madara.
Ya ce a kwashe masa su kafin ruwa ya sauka.
Muka fita da babur bakwai da igiya,
muka dawo da babur biyar da targaɗe.
Jauro Ori, wanda bijimi ke durƙusa masa,
ya yi musu kira irin na ruga,
suka ci gaba da tuƙa, ko kunne ba su kaɗa ba.
Mahauci ya zo, ya leƙa daga nesa,
ya sosa ƙeya:
"Ko malam ya halatta, tsiren me zan ce wa mutane?"
Likita Asabe ta harbi biyu da allurar barci,
ta rubuta kuɗin magani,
Injiniya ya karanta, ya kashe waya.

Daren Talata karnuka suka zo wa tumakina,
irin waɗanda suka manta gidan kowa.
Ina lalubar tocila
na ji wata ƙara kamar tsohon famfon burtsatse.
Babban namijin ne, mai tsagaggen kunne.
Ya tsaya a bakin garke, wuya a miƙe,
ya sa ƙafa, na ji haƙarƙari ya amsa.
Da gari ya waye na ƙidaya:
goma sha ɗaya, har da gurguwar.
Shi yana can kan tudu yana tuƙa,
bai nemi ko sannu ba.

Ban ce ba su yi ɓarna ba.
Tiya huɗu na auna wa Dogara daga rumbuna,
har yau gaisuwarmu a taƙaice take.

Amma da yamma nakan gan su a jere kan dutse,
duk sun juya fuska waje ɗaya,
wajen da babu komai sai hayaƙin masu gawayi.
Ni ma mota ce ta sauke ni a nan,
shekara talatin ke nan, daga Mayahi,
ba wanda ya tambaye ni ko ƙasar ta yi mini.

Jiya Injiniya ya bugo: saura nawa?
Na ce, ranka ya daɗe, abin daji ba ya ƙidayuwa.
Na ajiye waya, na ɗauki kanwa dunƙule biyu,
na hau dutse na ɗora.
Mai tsagaggen kunne ya matso, taku uku tsakaninmu,
ya shinshina, ya dube ni,
ya tara abin da zai tara a baki.

Na wanke rigar, tana kan igiya.