Mai Faci a Bakin Sabon Titi

Shekara goma sha ɗaya ina yankar tikiti a Aboabo,
sidi biyu kowace safiya, tun ban karya ba.
Kwabena mai jakar fata ya yago takarda,
ya ce, "Na hanya ne, Mumuni, na hanya."
In ce, "Wace hanya?
Wannan da ke cinye silifas ta bar wa mutum igiya?"
Ya yi dariya, ya wuce rumfar mai koko.

Ban yar da ko ɗaya ba.
Suna cikin gwangwanin madara ƙarƙashin bencina,
shuɗaye da jajaye, wasu ruwa ya lashe lambarsu.
Fuseina ta ce in ba ta ta hura gawayi.
Na hana. Shaida ce, ko da ba a sa ranar shari'a ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ramukan nan su suka ciyar da ni.
Akwai babba a gaban masallaci,
mun raɗa masa suna Rijiyar Direbobi.
In tirotiro ta faɗa, fasinja su ɗauki salati,
ni kuwa in jawo bokiti da famfo,
don na san taya na tafe.
Kuɗin makarantar Adiza daga cikinsa suka fito.
Shi ne kuma ya fasa ƙwan Maame Serwaa, kiret shida,
ta zauna dirshan tana kallon gwaiduwa na bin kwata.
A cikinsa aboboya ta maƙale
daren da muka ɗauko Baba Issaka za mu asibiti.
Muka tura, muka tura, ruwa na dukanmu.
Sauran ba na faɗa.

Sai ga su bayan ƙaramar salla,
da igiyar awo da jan fenti a bangon mutane.
Katafila ta gutsure barandar tela,
ta tafi da rabin inuwata.
Wata huɗu muna tsallake kwalbati a kan katako,
tsofaffi na riƙe da hannun jikoki.
Daga nan shiru. Wai kuɗi sun ƙare.
Kwabena dai bai ƙare ba,
sidi biyu ma ta haifi ta uku.

Matan kasuwa suka ci ɗamara,
kowacce da tikitinta cike da kwano,
suka nufi ofishin asambili.
Na miƙa wa Fuseina gwangwanina.
Ta ce sun zazzage su a kan teburin mai gilashi
har ya rasa inda zai ajiye wayarsa.
Gwangwani ya dawo wayam.
Kwana tara, sai ga motar tsakuwa.

Yau kwalta ta kwanta baƙa wuluk,
da farin layi kamar an yi mata tsaga.
Yara na tsallen igiya inda Rijiyar take.
Mota ta zo ta wuce fuu, ko kallona ba ta yi.
Jiya taya biyu na yi wa faci,
ɗayar ma ta keke ce.
Da kuɗina na sayi rashin cinikina,
kuma in an ce in sake, zan sake.
Tun da gudu suke yanzu, birki suke ci;
na fara zuwa Suame da yamma
ina koyon birki wurin yaron da na girme wa ubansa.

Sai dai titin ya tsaya a gada.
Daga gada zuwa ƙofar uwata
taku ɗari biyu da arba'in ne, na ƙirga,
jar laka da duwatsun da muka jera da kanmu.
Allon ya ce kashi na biyu yana tafe.
Rana ta fara cin rubutun.

Ɗazu Kwabena ya zo, furfura ta kama gemunsa.
Ya yago, bai ce komai ba.
Na karɓa, na busa cikin gwangwanin,
na jefa ta farko.