Awa Bakwai a Tsibiri

Daren Talata a Jacksonville, kwanuka sun bushe,
na shimfiɗa taswirar kamfanin jirgi a teburin girki.
Ɗan tsibiri ne a Bahamas, siffar ƙoda,
an ɗiɗɗiga masa lambobi:
nan laima, nan gashin nama, nan makewayi.
Mu goma sha ɗaya ne.
Jirgi zai tsaya awa bakwai, ba ya jiran kowa.

An ce zumunta a ƙafa take,
to, da ƙafafu na fara lissafi.
Baba Thaddeus, tamanin da huɗu, gwiwa ta yi masa tawaye,
sai kujera mai ƙatta-ƙattan tayoyi da yashi ba ya haɗiyewa.
Gwaggo Verlene ba ta son rana,
ba ta son inuwar da ta yi nisa da hira,
ba ta son a tambaye ta me take so.
Keon da Tavia, hasumiyar zamiya,
dala arba'in kowane kai.
Na rubuta, na goge, na sake rubutawa.
Jaririya Odessa, barcin ƙarfe ɗaya, ko sama za ta faɗo.
Mijin ƙanwata ya ce shi dai a nuna masa wurin miƙe ƙafa.

Rumfa mai fanka, dala ɗari biyar.
Na kira Lorna a Atlanta, ta yi dariya har da tari:
"Haya za mu kama, ko sayen fili?"
Muka raba uku.
Yayanmu ya ce zai turo nasa ran Juma'a.
Bai faɗi wace Juma'a ba.

Ina tsakiyar ƙirga ƙwayoyin hawan jini
da man shafawa na tsare fata,
sai ga Baba da silifa, ya fito shan ruwa.
Ya tsaya a kaina.
Ya daɗe.

"Kin riƙe shi a kife," ya ce.
Ya juya takardar da yatsa ɗaya.
"Wannan sunan na talla ne.
Mu Tsibirin Gishiri muke ce masa."

Yatsan ya bi gaɓa a hankali
kamar mai lallaɓa goshin marar lafiya.
"Nan ubana ke ɗaure kwalekwale.
Nan muke fasa dodon koɗin teku, ni da Cleophas,
har ɓawo ya taru ya fi mu tsayi.
Nan, inda suka zana cokali da wuƙa,
akwai rijiya. Ruwanta da ɗan gardi.
Uwarku ba ta taɓa sha ba. Na yi ta cewa baɗi."

Shekara sittin da biyu rabonsa da wurin.
Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na sani,
amma ban san gida kan dawo cikin takarda mai sheƙi ba,
da farashi a gefe,
da abin ɗaurawa a hannu kafin a bar ka ka taka.

Na ce, "Baba, ƙila sun rufe ta da siminti."
Ya ce, "Su rufe. Ƙafata ce ta lalace, ba idona ba."

Abin da babba ya hango a tsaye da silifa,
yaro ko ya hau hasumiyar dala arba'in ba zai gani ba.

Ya shanye ruwansa, ya koma ɗaki.
Na ɗauki fensir.
Rumfa tana nan, barcin Odessa yana nan,
zamiya na mayar da ita bayan cin rana,
Keon zai yi gunaguni, zai kuma tura kujera.
A saman komai na rubuta:
*Ƙarfe tara, neman rijiya. Kowa da kowa.*

Da safe na karanta wa Gwaggo Verlene ta waya,
ina jiran ta ce rana, ta ce nisa.
Shiru.
Can ta ce, "A taho da kofi.
Na ƙarfe, ba irin nasu na roba ba."