Amsar Hoton Mutala

Hotonka ya iso Aboabo ran Talata,
ina tsaka da tsame ƙosai.
Na goge hannu a gefen zane, na duba.
Ƙauyen Ingila ne, ka ce, gida arba'in,
cocin dutse, kanti ɗaya tak,
tumaki sun yi ɓul-ɓul kamar ba su san layya ba.
Ka ce akwai tsohuwar ganuwa kusa,
har kuɗi ake biya a ga inda ta rushe.
Inna ta karɓi wayar, ta nisanta da ido,
ta ce a tambaye ka: can ana gaisuwa?

Ran Asabar na kife kasko.
Na shiga trotro, gwiwata a bayan wani,
kwandon kajin wata a cinyata,
muka wuce Kuntanase, hanya ta fara gangara,
direba na taka birki yana salati.
Gonakin koko dama da hagu,
ayaba ta sunkuyo tana leƙen mota.

Sai ga Abono. Sai ga ruwa.

Bosomtwi kwance cikin duwatsu
kamar fura a ƙwaryar da ba a taɓa ba.
Shekarata talatin da huɗu a Kumasi,
ban taɓa zuwa ba, Mutala, kai ma haka.
Abin da ke bayan ɗaki, ƙafa ke raina shi.

Wani dattijo, Opanin Boakye,
ya hau gungumen katako, ba jirgi ba,
yana tuƙi da tafin hannu.
Ya dawo da kifi bakwai ƙanana,
jikarsa ta soya min uku da yaji,
ta ƙi karɓar kuɗin ruwan sha.
Twi nawa na kasuwa ne, ta yi dariya,
ta gyara min kalma biyu, ta ƙara min barkono.

Sun ce Bonwire ba nisa in ina son ganin masaƙa,
na ce sai wani jiƙon, la'asar ta yi.
Na shimfiɗa mayafi ƙarƙashin mangwaro,
na yi sallah, akuya na kallona.

Ga nawa hoton. Ya ɗan karkace,
yatsana ya rufe rabin dutsen.
Nuna wa tsohuwar da kake jinya,
ka ce mu ma muna da inda ake zuwa a yi shiru.

Inna na jiran amsarta.
Ta sake tambaya bayan isha.