Takwas Na Karɓa

Yau da hantsi na kwance ɗamara,
na ɗora ta kan teburin Saje Sada.
Ya buɗe rajista, ya lashi yatsa,
ya ce, "Sufeto, ƙirga mu gani."
Na zube su kan katako:
takwas.
Takwas na karɓa, takwas na maido.

Shekara goma sha tara tana kwiɓina.
Ta cinye mini wando shida, duk ta gefe guda,
ta bar mini baƙar kanta a ƙugu.
Barira ta ce tun daga Ƙofar Marusa
take gane tafiyata,
na karkace dama
kamar jakin da aka cika wa mangala ɓari ɗaya.

Rabe, ɗan ƙanen babana, soja ne.
In ya zo hutu sai ya dube ta ya yi dariya:
"Wannan ai kwalliyar hafsoshi ce.
Mu can daji, in ka ga an kai ga zaro ta,
to komai ya riga ya lalace."
Ban yi masa gardama ba.
Ni ma ban taɓa yabonta ba:
ga nauyi, ga tsatsa da damina,
da bazara ta ɗau zafi kamar dutsen guga,
harsasanta sun girmi rabin kuratanmu.

Sau ɗaya na ja kunamarta a kan mutum.

Bayan isha ne, wajen Ƙofar Guga,
an ɗauke wuta, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
An ce mana ɓarayin babur suna yankin.
Sai ga wani a guje, dogon abu a hannunsa.
Na ce tsaya.
Na sake cewa tsaya.
Na saita tsakiyar bayansa, na ja.
Ƙas.
Ta cije.

Da ƙafa na kamo shi, muka zube cikin taɓo.
Tocila ta nuna mini yaro,
gemu bai ko fara tsiro ba,
rungume da famfon keke cikin leda.
Yana ta nuna kunnensa, yana girgiza kai.
Kurma ne.
Ruwa kawai yake gudu.

Ka san me na yi da gari ya waye?
Rahoto na rubuta, kwafi uku:
bindigar nan ba ta da kirki, a canza mini.
Har yau ba a ba ni amsa ba.
Sada ya warware ta, ya shafa mata mai,
ya ce lafiyarta lau, harsashin ne ya sha sanyi,
kuma tunda bai tashi ba, yana cikin lissafi.
Ga shi can, na uku daga hagu,
da ɗan tabo a gindinsa.
Ko cikin duhu na san shi.

Yaron yanzu faci yake yi a hanyar Jibiya,
ya yi aure, na ga ɗiyarsa tana wasa da tsohon tub.
Nakan kai masa babur ko taya ba ta sace ba.
Ya latsa, ya dube ni, ya ɗan ƙara iska,
ya ɗaga yatsa biyu.
Ban sani ba ko ya gane ni.
Ban san da wane hannu ake tambayar wannan ba.

Gobe Sada zai miƙa ta ga wani sabon jini,
Mannir ake ce masa, hularsa ko kumbura ba ta sauke ba.
Mun haɗu a bakin ƙofa.
Na so in gaya masa wani abu,
sai na ji bakina ya ce, "Ka riƙa shafa mata mai."

Na fito titi.
Hannuna ya tafi ƙugu da kansa,
ya tarar da riga kawai.
Har na iso gida ina karkace.