Gram Goma Sha Ɗaya

Ni dai kifi nake soyawa a Newport,
shekara ashirin da biyu, kan gangaren da ke zuwa tasha.
Na san zafin mai in ya fantsamo ido.
Wannan ba shi ba ne.

Daren Talata, ana yayyafi,
Gethin ya fita da ƙunshin dankalinsa a hannu.
Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa,
ta hagun kuma aka ce masa, "Tsaya!"
Ya juyo ne don ya ji.
Juyowar nan aka rubuta da sunan barazana.

Fesawa ɗaya, fus, kamar turare.

Ya durƙusa, dankali ya watse a kwata,
ido ya rufe gam, hawaye da majina suka haɗe,
ƙirjinsa ya fara usur,
usur ɗin da uwarsa ta sani tun yana rarrafe.
Abin shaƙarsa na asma yana aljihun dama,
hannayensa suna baya, cikin ankwa.
Na fito da ruwa a kwano, aka ce in ja da baya.
Na ja.
Shi ne har gobe yake ci na.

Kwana huɗu a gadon asibiti.
Yanzu ko barkono na barbaɗa
sai ya fita waje ya jira.

Da hunturu ya zagayo, wasiƙa ta zo.
Carys ta karanta mini a kan kanta, yatsanta yana bin layi:
an ɗora gwangwanin a sikeli,
gram goma sha ɗaya ne suka ragu, daidai ƙa'ida.
Kyamarar ƙirji ta yi gyangyaɗi na daƙiƙa arba'in,
ta farka ana cewa, "Yi numfashi a hankali."
Jami'in kuwa, an ba shi shawara.
Ko sunansa babu, lamba ce.

Ni ma ina da sikeli.
In na tauye wa mutum awo, hukuma ta san sunana,
ta san ƙofata, ta san ranar da za ta dawo.

Jiya sai ga shi, babu kaki, da 'yarsa a kafaɗa.
Kifi biyu, gishiri kaɗan.
Na naɗe, na miƙa, na ƙirga masa canji.
Ya juya zai tafi, na yi magana ƙasa-ƙasa.
Ya juyo, ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Ba komai.
Na ga kai ma juyowa kake yi."