Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Ni ne mai rajista.
Teburina na ƙarƙashin dalbejiya a Samaru,
ƙafarsa ɗaya gajera, na tokare ta da marfin kwalba.
Gwamnati ta ce a rubuta manoma da masu shanu,
kowa zai ji kukan kuɗi a wayarsa kafin ruwa ya zauna.

Sun zo tun asuba,
daga Bomo, daga Shika, daga Milgoma,
wasu uku-uku a kan babur,
wasu da laka a duga-dugansu.

Malam Barau ya miƙo babban yatsa.
Na'ura ta yi ja.
Ya goge a riga, ya tofa yawu, ya sake.
Ja.
Shekara arba'in da ɗaya ƙotar fartanya
tana cin zanen yatsan nan kaɗan-kaɗan,
yau ga shi sumul kamar bayan cokali.
Ya ce, "Yaro, gaya mata ni ne."
Na ce, "Baba, ba ta jin Hausa."
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Bayansa Jebbu, da ƙwarya a ka,
shanu tara, huɗu na tatsa.
Fom ya ce: adireshin gona.
Ta ce, "Da rani muna bakin Kubanni,
da damina duk inda masu masara suka bar mana hanya."
Layin bai kai tsawon wannan amsa ba.
Na bar shi fari.
Abin da aka bari fari kuwa, a ofis, babu shi.

Lamba ta ɗari biyu da sha bakwai
ba ta bi layi ba, a ambulan ta zo:
gonar madara, shanu ɗari uku, 'yan ƙasar waje.
Ranar Asabar na hau babur na je gani da idona.
Hanyar Jos, bayan Dakace.
Katanga, allo mai sabon fenti, ƙofar ƙarfe da kwaɗo.
Na leƙa ta kafar bulo:
tafasa ta kai ƙugu,
akuya ɗaya, ita ma ta maƙwabta ce.
Ko kashin saniya na bara ban gani ba.

Na faɗa wa oga.
Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce,
"Tanimu, wata nawa kake bin albashi?"
Na ce biyu.
Ya ce, "To."
A nan maganar ta kwanta.

Kuɗin sun sauka bayan masara ta shiga rumbu.
Wanda aka rubuta wa buhu huɗu na taki
ya sami na ɗaya da rabi,
rabin ma kuɗin mota ya cinye
tsakanin ƙauye da banki,
yau sabis ya ɗauke, gobe a dawo Litinin.
Gonar da ba saniya ta shanye nata tun shuka,
ko gyatsa ba mu ji ba.

Malam Barau tunkiya ya sayar ya sayi taki.
Masararsa ta yi goyo biyu-biyu.
Ƙasa dai ta gane yatsan,
ba ta ce ya goge ya sake ba.

Jiya Jebbu ta biyo ta gaban ofis.
Na cusa kaina cikin takardu.
Ta sauke ƙwarya, ta ɗage faifai,
ta dama fura da kindirmo har ludayi ya tsaya da kansa.
Na shiga laluben aljihu.
Ta ce, "Bar shi.
Na ji an ce ku ma ba a biya ku ba."

Na sha.
Sanyin ya sauka, ya tsaya mini a wani wuri
da ban san sunansa ba.

Da yamma na buɗe rajista,
shafin waɗanda tallafi ya isa hannunsu.
Na daɗe da biro a sama,
ina tunanin ko in rubuta sunana,
da sunan wadda ta biya.