Magatakardan Rumbun Hamadan

Ni ne Mirza Yadullah, magatakardan rumbu,
alƙalamina ya fi cikina ƙiba.
Da asuba nakan hura wa tawada numfashi
don ta narke,
kafin in rubuta ƙaryar farko ta yini.

Ƙanƙara ta sauko daga dutsen Alwand
har bakin ƙofar ofis.
Gwamna yana bene da hatiminsa.
A ɗakin kusa akwai baƙo mai jan kunne,
cokali uku na sukari yake zuba wa shayi.
Ba ya sa hannu a komai,
amma sai ya gyaɗa kai hatimi ke sauka.

An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi.
Mun kalla, mun kalla,
har kallo ya cinye mana alkama.
Motocinsu na bin hanyar arewa dare da rana,
rufe da tamfol, ba a tambaya,
alfadaranmu kuwa an karɓe su haya
da wata takarda da ko akuya ta ƙi taunawa.

An bugo sababbin riyal masu warin fenti.
Abin da ya sayi rago bara
bana bai kai kuɗin ƙafafunsa ba.
Haji Nusratullah ya binne buhu ɗari huɗu
a busasshiyar rijiya, yana jiran farashi ya nuna.
Ya aiko min da kan sukari ɗaya.
Na rubuta: fari sun ci.
Fari a tsakiyar hunturu!
Ba wanda ya ɗaga gira.

Mashhadi Kurban mai tanda
yana kwaɓa gari da dusar katako.
Gurasarsa baƙa ce, tana ƙara a haƙori,
amma layi na kamawa tun kafin kiran salla,
mata cikin mayafi, kowace da katin rabonta
a dunƙule kamar laya.

Ran Talata Gulbahar ta zo daga ƙauye
da katin mijinta, Safdar.
Zazzaɓin ƙwarƙwata ya ɗauke shi Juma'a.
Doka ta ce in ja layi a kan sunan,
in rage gurasa ɗaya daga gidan mutum shida.
Na tsoma alƙalami.
Yaron da ke riƙe da zanenta
yana tsotsar maɓallin rigarsa.
Tawadar ta daskare a baki,
ni kuma ban hura ba.

Tun daga ranar, ba a mutuwa a littafina.
Safdar yana nan, yana cin gurasa kullum.
Tsoho Imamkuli mai ɗinkin takalmi yana nan,
da tagwayen unguwar majema,
da wata Tal'at da ban taɓa ganin fuskarta ba.
Arba'in da uku suke yanzu.
Ƙasa ta rufe su, ni na ƙi rufewa.

Mai duba lissafi ya zo daga Tehran,
baƙon yana tsaye bayansa, yana sakace.
Ya juya shafi, ya juya,
gumi na bin bayana cikin wannan sanyi.
Ya ce, Madalla, lardinku ya fi kowa lafiya,
mutum biyu kacal cikin wata uku!
Gwamna ya sami yabo a rubuce.
Ni na sami ƙarin riyal biyar,
kuɗin ashana.

Da dare matata na kirga gawayi ɗaya-ɗaya.
Ni ina tunanin wancan littafin
da ba a hura wa tawadarsa,
inda za a ɗora fari a hannu guda,
matattuna arba'in da uku a ɗayan.
Ban san wanne zai rinjaya ba.

Gobe Laraba, ranar rabon unguwar gabas.
Na ji an yi kuka a can ɗazu.
Bari in feƙe alƙalami.